Haruffan Malam a Kan Faifai

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, wadda na buɗe bakin nan nawa a gaban baƙuwa da ɗalibai na yi shelar ɓarnar da na tafka, ina jiran a yaba mini. Da kama ni aka yi, da abin ya zo da sauƙi. A'a, ni na kai kaina, da tire a hannu, har da ɗan murmushi.

Bari in ɗauko muku daga tushe. A Nassarawa GRA muke zaune. (Kada ku ji sunan unguwa ku gyara zama. Ɗakuna biyu ne a bayan gidan wani Alhaji, tsakanin bishiyar mangwaro da ɗakin janareta.) Maigidana malamin kwamfuta ne, kowa Malam yake ce masa, ni ma haka. Alhaji ya ba shi aron garejin gidan, ya zuba tsofaffin kwamfutoci na gwanjo, ya sa benci da farin allo da fanka. Shekarar da abin ya faru, wata kwaleji mai zaman kanta ta wajen Giginyu ta turo masa sababbin ɗalibanta 'yan shekarar farko, saboda na'urorinsu ba sa isa. Gwaji ne na zango ɗaya. In shugabar sashen, wata Hajiya da ban taɓa gani ba sai dai labarinta, ta zo ranar jarrabawa ta ga yara sun iya, za a ci gaba da turo masa duk shekara. In ba haka ba kuwa, Alhaji ya riga ya faɗa babu ɓoye-ɓoye cewa akwai mai son garejin ya zuba buhunan shinkafa. Wato dai tukunyar gidanmu a kan wannan jarrabawa aka ɗora ta.

Ni aji huɗu na firamare na tsaya, kuma ban cika fita ba. In ba biki ko asibiti ba, ina gida. Amma Allah ya ba ni kunne. Bangon kicin ɗina shi ne bangon garejin, da wata 'yar taga a sama, saboda haka duk darasin da Malam ya yi, da ni aka yi. Ina yankan albasa ina jin yadda ake kunna kwamfuta, da yadda ake kashe ta ba tare da an fizge waya ba. Na san linzamin kwamfuta danna biyu ake yi masa da sauri, ba a jira a tsakani kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Na san akwai manhajar rubutu, akwai ta lissafi mai gidaje-gidaje kamar gurbin dara. Na san "ku yi sebin kafin a ɗauke wuta," wato a adana aiki, don bakin Malam ba ya gajiya da ita, kuma duk da haka da an ɗauke wutar sai ka ji salati ya tashi. Ko daga barci aka tashe ni zan kawo muku darasin tiryan-tiryan. Abu ɗaya ne kawai: ban taɓa ɗora hannuna a kan kwamfuta ba.

Su ma ɗaliban da kunne na san su. Akwai Bashir, mai baki kamar rediyon mai shayi, wanda bugunsa a kwamfuta ɗai-ɗai yake kamar kaza na tsintar gero. Akwai Rabi, wadda sai a yi mako ban ji muryarta ba, amma bugunta a jere yake zuwa kamar yayyafi a kan kwano. Sauran suna tsakani. Kuma tun daga ranar farko kuka ɗaya nake ji ta tagar nan.

"Malam, ina B take?"

"Malam, wallahi tawa babu Y."

"Wai Malam wa ya jera abin nan ne?" Wannan Bashir ne. "Ko'ina a hargitse, kamar an zubar da su daga buhu."

Shi kuma Malam amsarsa ɗaya ce: "Ku daina neman harafi da ido. A nan yatsa ne yake karatu. Kowa ya rufe hannunsa da hankici!"

Sai in ji sun yi shiru, sannan in ji ya ce, "Bashir, ina ganinka, sauke gefen hankicin nan."

To ni a raina ga yadda na fassara abin. Na ce kayan gwanjo ne, haka suka zo a birkice, Malam yana rufa wa kansa asiri ne, shi ya sa yake hana yara kallo. Ai mu ma mata mun san dabarar: in baƙi suka faɗo ba a wanke kwanuka ba, zane ake yafa musu. Na tausaya masa ƙwarai. Ban kuma tambaye shi ba, don kada in kunyata shi. (Kun ji fa. Don kada in kunyata shi.)

Ana saura kwana biyu jarrabawa aka yi masa rasuwa a Ringim, ƙanen babansa. Dole ya tafi. Yana sa takalmi ya miƙo mini mukullin garejin ya ce, "Maman Hafsa, don Allah ki ɗan share, ki goge ƙura. Hajiyar nan an ce ba ta son ƙazanta." Na ce ya tafi hankalinsa kwance.

Washegari da hantsi, bayan Hafsa ta tafi makaranta, na ɗaura ɗankwali na shiga. Na share, na kakkaɓe yanar gizo-gizo, na goge gilasan nan har ina ganin fuskata. Na zo kan kibod, wato allon nan mai maɓallan haruffa, ina gogawa da tsumma sai maɓalli ɗaya ya yi tsalle ya faɗo. Na ɗauka, na mayar, na danna, ya ce ƙas, ya zauna daram. Au, ashe haka abin yake da sauƙi? Na sake cire shi na leƙa ƙasansa. Jama'a! Ɓawon gyaɗa, garin biskit, gashi, matacciyar tururuwa, da wani baƙin danƙo da ban san sunansa ba. A nan Hajiya za ta sa ido? Ba a gidana ba.

Na ɗauko cokali. Da gindin cokalin na dinga ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya, kibod bayan kibod, ina zubawa a roba guda. Manyan na gefe ban taɓa ba, don na gwada ɗaya na ga wata siririyar waya a ƙarƙashinsa, na ce wannan ya fi ƙarfina. Lambobi ma na bar su, su a jere suke, ɗaya, biyu, uku, babu ruwansu. Haruffan ne 'yan rigima. Na kaɗa ruwan kumfa, na wanke su tas da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye, na baza a faifai uku na kai rana. Baba maigadi ya zo wucewa da butarsa, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Maman Hafsa, wannan wace irin daddawa ce?"

"Ta boko ce, Baba," na ce masa.

"To Allah ya sa ta yi ɗanɗano."

Da suka bushe na kwaso, na zauna a benci. Kada ku ce mantawa na yi da yadda suke a da. Ban ma tsaya haddacewa ba, don ban ga abin haddacewa a hargitsi ba. Niyyata tun ina wanki ita ce in share wa yaran nan hawaye. Waƙar haruffan da muka yi a aji ɗaya tana nan a kaina ba ta goge ba. Na fara daga sama ta hannun hagu, ina rerawa ina dannawa: A, B, C, D, har layi ya cika, na sauko na biyu, na sauko na uku, Z ta faɗa gurbin ƙarshe cif, babu ragi babu ƙari. Wannan cif ɗin shi ya ƙara tabbatar mini da cewa haka masu abin suka yi shi tun asali. Na gama su duka kafin la'asar, bayana kamar zai ɓalle. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon aikina, na ji kamar ni na ƙera kwamfutocin.

Da Malam ya kira bayan magariba na ce masa, "Na yi maka wani abu, sai ka zo ka gani."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin da ƙarfi.

Ranar Laraba motarsu ta ɓaci a hanya, bai iso ba sai da ɗalibai suka taru a ƙofar gareji. Ko wanka bai yi ba, ya wanke fuska ya canja riga, sai ga motar Hajiya. Doguwar mace ce, da tabarau rataye a wuya da igiya, ba ta da yawan fara'a. Tana shiga ta shaƙi turaren wutar da na sa, ta shafa tebur da yatsa ta duba, ta ce, "Ma sha Allah, wurin naka tsaf." Ina kicin na ji, na ce a raina, ba ki ga komai ba tukuna.

Malam ya bi ya kunna kwamfutocin, ya buɗe musu manhajar rubutu. To shi mutum ne da ba ya kallon hannunsa in yana bugu, idonsa na kan gilashi, yatsunsa na aikinsu. Saboda haka bai ga komai ba. Ya rubuta ɗan sakin layi a farin allo ya ce kowa ya fara da sunansa, sannan ya kwafe, ya yi wa kan maganar kauri, ya yi sebin. Yau babu hankici, kowa ya yi yadda ya iya.

Na zuba zoɓo mai sanyi a jug, na jera kofuna a tire, na zagayo na laɓe a jikin ƙofar garejin ina jiran lokacin da ya dace. Da farko abin da na ji ya yi mini daɗi. Bugun ya fi na kullum sauri, har kazar Bashir ta koma gudu. Babu mai tambayar ina B take. Na ce alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau.

Sai bugun ya fara raguwa. Ɗaya ya tsaya, biyu suka tsaya. Can ɗakin ya yi tsit, in ban da yayyafin Rabi da ke zuba a lungunta kamar ba abin da ya faru.

"Malam," in ji Bashir, "na danna A, Q ta fito."

"Ka dai danna Q."

"Wallahi A na danna. Zo ka ga sunana, ko aljani ba zai amsa shi ba."

"Malam, ni ma!"

"Malam, tawa ta koma wani yare!"

Na ji takun Malam, na ji ya ja kujera ya zauna a wurin Bashir, ya yi bugu tarrr. "Ga shi nan, Bashir Lawan. Lafiyarta ƙalau. Tsoro ne yake damunka, nutsu." Ya tashi. Bashir ya danna sau uku ya ce, "To ga shi ta dawo da haukanta. Malam, kai take tsoro."

Wata ta ce bairos ne, cutar kwamfuta. Wani ya ce a yi ta'awizi. Malam ya kashe ɗaya ya kunna, ya cire waya ya mayar, ya sake zama ya buga, ta yi daidai, ɗaliba ta buga, ta yi shirme. Na leƙa ta gefen ƙofa na ga bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, ga fanka na juyawa. Ni kuwa har zuwa lokacin, wallahi tallahi, ban kawo kaina a cikin lissafin ba. Haushin kwamfutocin ma nake ji: an yi musu wanka, an jera su, kuma yau suka ga damar iskanci.

Hajiya ta ce, da muryar da ba ta ɗagawa, "Malam, wata uku yaran nan suna zuwa nan. Sunansu ma ba za su iya rubutawa ba?"



Sai ta ɗauki tabaraunta ta sa, ta sunkuya a kan kibod ɗin da ke kusa da ita. Ta daɗe. Ta matsa na gaba, ta sake sunkuyawa. Sannan ta fara karantawa a fili tana bi da yatsa: "A, B, C, D, E... Ikon Allah. Malam, a ina ka samo waɗannan? Ni dai tunda nake ban taɓa ganin irinsu ba."

To ni kunnena ya ji "ikon Allah," ya ji "ban taɓa ganin irinsu ba." Me kuke so in ɗauka? Na ce lokaci ya yi. Na gyara mayafi, na yi sallama, na shiga da tirena.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ai ba sayo su aka yi haka ba, ni ce na gyara su."

Kowa ya juyo. Da na tsaya a nan ma da da sauran mutunci. Ina! Bakina ya riga ya kama hanya. Na ajiye tire na ba su labarin cokali, da ruwan kumfa, da faifai. Na faɗi abin da na tarar a ƙarƙashi, har da tururuwar. Na ce tun farkon zango nake jin yaran nan suna wahalar neman haruffa, shi Malam kuma kunya ta hana shi faɗa. Na juya wajen ɗaliban na ce, "Ku kuma don Allah ku riƙa barinsu a jere, kada in sake ganin an birkita." Har da ɗaga yatsa.

Babu wanda ya yi motsi. Rabi ma ta tsaya. Malam ya sunkuyar da kai a hankali ya kalli kibod, kallon da na tabbata ya yi shekaru bai yi masa ba. Ya ɗago ya kalle ni. Ba fushi a fuskarsa, wani abu ne da ya fi fushi ciwo, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta cinye takardar gida tana kaɗa wutsiya.

"Maman Hafsa," ya ce, "duka?"

"Duka mana. Ai ba na rabin aiki."

Bashir ne ya fara. Wata irin dariya ta kuɓuce masa ta hanci, ya kifa kai a tebur yana dukan benci. Sai ɗakin ya ɗauka. Malam ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Hular kawai kika canja musu. Kan yana nan inda yake. In kin sa wa Q hular A, Q ce dai." A nan ne abin ya sauko mini, tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na tuna hankici. Na tuna "yatsa ne yake karatu." Wata uku ina jin maganar nan ta taga, na haddace ta, ban fahimce ta ba. Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar da ni na share ta da hannuna, ta ƙi.

Hajiya ba ta yi dariya da sauti ba. Ta cire tabarau, ta juya baya, kafaɗunta suna rawa, ta goge ido da gefen mayafi. Da ta juyo sai ta tafi wurin Rabi ta duba gilashinta. Yarinyar ta kusa gama sakin layin, babu kuskure.

"Ke ba ki ga an canja ba?"

"Ban duba ba, Hajiya. Malam ya ce kada a duba."

Hajiya ta ce, "To Malam, ka ce ba da ido kake koya musu ba. Ga ranar gaskiya ta zo da kanta. Kowa ya fito da hankicinsa ya rufe hannu, a sake daga farko." Ta ɗauki kofi ta miƙo mini. "Ke kuma zuba mini zoɓon nan, uwar gyara."

Na zuba, na fice. Sauran a kicin na ji shi, zaune a kan turmi, na kasa ko kunna risho. Bugun ya dawo a hankali, da ɗingishi, kamar mai koyon tafiya bayan jinya. Sannan ya ɗan miƙe. Ashe yatsun da yawansu sun san hanya, idon ne yake hana su. Fiye da rabi suka kai ƙarshe. Bashir da wasu 'yan leƙe irinsa suka zube, aka ce su dawo bayan mako biyu. (Har yau in ya gan ni sai ya ce, "Anti, ke kika kayar da ni." In ce masa, "Gefen hankici ne ya kayar da kai.")

Hajiya ba ta yanke magana a ranar ba. Ta ce za ta yi shawara, ta shiga mota. Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Malam bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Abinci kawai yake ci ya ce an gode. Ni kuma na wuni biyu a gareji da cokalina, ya ɗora mini hoton kibod na gaskiya a wayarsa, ina ɓamɓarowa ina mayarwa inda Turawa suka ga dama. Baba maigadi ya leƙo ya ce, "Daddawar ba ta yi ba ne?" Na ci gaba da ɓamɓarowa.

Ranar da Bashir da 'yan'uwansa suka sake jarrabawa, Hajiya ta dawo da kanta, ta ce za a turo sababbin ɗalibai zango mai zuwa. Buhunan shinkafa suka nemi wani wurin. Amma ta kafa sharaɗi ɗaya: a mayar da kibod guda yadda na jera shi, a ajiye. Duk ɗalibin da aka kama yana leƙe, a zaunar da shi a kansa. Dole na sake ɗauko cokali a karo na uku. Yana nan har yanzu a lungu, sunansa kibod ɗin Maman Hafsa, kuma ina ji ta taga ana yi wa sababbi barazana da ni: "Ka sake ɗaga hankicin nan, sai wurin Maman Hafsa." Yaran da ba su taɓa ganina ba suna tsorona.

Abin da na koya? Ba duk abin da ya yi kama da hargitsi ne yake jiran tsintsiyata ba, kuma in na ji an ce "ikon Allah," in tsaya in ga fuskar mai faɗa kafin in fito da tire. Yanzu in Malam zai yi tafiya yana ba ni mukullin gareji kamar da, sai dai yana tsayawa a bakin ƙofa ya ce, "Ƙasa kawai, Maman Hafsa. Ƙasa." In ce to.

Amma tsakanina da ku, har gobe babu wanda ya gamsar da ni dalilin da ya sa Q za ta zauna a gaban A.